Wa Ya Kwashe Maganin Gudawa a Birnin Milwoki?

Ga kacici-kacici, mai karatu, sai ka gyara zama. Ba a fasa kanti ba, ba a ɓalle kwaɗo ba, ba wanda ya ji ƙarar bindiga. Amma cikin 'yan kwanaki maganin gudawa ya ƙare ƙaf a kantunan maganin wani babban birni, kuma kuɗin kowane kwali yana cikin aljihun teburin mai kanti, ko sisi bai yi ciwon kai ba. A makarantun birnin, kujerun ɗalibai sun zama fayau, malamai ma sun yi fashi. A asibitoci, ma'aikatan da ya kamata su duba marasa lafiya su ne ke aiko da uzurin rashin lafiya. A ɗakunan gwaji kuwa, kayan da ake amfani da su wajen binciken bahaya sun fara yankewa saboda yawan buƙata, amma takardar sakamako kullum abu ɗaya take cewa: ba a ga komai ba.

Wanda ya yi wannan aika-aika ya shiga gidaje ba iyaka. Bai hau katanga ba, bai bi ta taga ba. A kowane gida, mai gidan ne ya buɗe masa da hannunsa. To, wane ne?

Kafin mu fara kama mutane, bari in nuna maka inda abin ya faru. Milwoki birni ne a jihar Wiskonsin ta Amurka, a bakin Tafkin Mishigan, ɗaya daga cikin manyan tafkunan ruwan daɗi na duniya. Shi da garuruwan da ke kewaye da shi suna ɗauke da mutum wajen miliyan 1.6. Lokacin kuwa ƙarshen Maris ne zuwa farkon Afrilun 1993, sanyi na ja da baya, dusar ƙanƙara na narkewa, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ranar Litinin 5 ga Afrilu rahotanni suka taru a teburin hukumar lafiya ta birnin, har ta nemi agajin hukumar lafiya ta jiha. A ranar aka buɗe fayil. Ka riƙe wannan kwanan wata da kyau, don zan tambaye ka shi nan gaba.

Wanda za mu fara kamawa shi ne wanda kowa ya fara kamawa a lokacin, wato ƙwayar bairas ɗin nan mai ɓata ciki da ke zagaya gari duk lokacin sanyi. Tana da tarihi, tana son taro, tana bin makarantu da wuraren aiki. Mutanen Milwoki da yawa haka suka ɗauka, suka ce abin gari ne, zai wuce. Shawarar da ake bai wa mai gudawa kuwa sananniya ce ko'ina a duniya: ka huta, ka sha ruwa da yawa kada jikinka ya bushe. Suka kwanta, suka yi ta kwankwaɗar ruwa. Wannan ma ka sa a aljihu.

Sai dai wanda muka kama ɗin yana da hujjar kare kansa. Ita irin wannan bairas ba ta daɗewa; kwana ɗaya zuwa uku ta yi ta tafi. Gudawar Milwoki kuwa ta zo da tabarma. A cikin waɗanda aka tabbatar da ciwon a jikinsu daga baya, yawanci sun kai kwana 9 suna fama, a ranar da abin ya fi tsanani mutum kan zaga wajen sau 12, ga murɗar ciki, ga zazzaɓi. Mutum ya ji sauƙi kwana biyu, ya ce alhamdu lillahi, sai abin ya dawo. Wannan ba salon bairas ba ne. Mu sake ta, ta tafi.

Na san wanda ke ranka yanzu, domin ni ma shi ne a raina: abinci. Kuma zargin ba na banza ba ne. A watan Janairun wannan shekara ta 1993, niƙaƙƙen naman da bai gasu sosai ba a shagunan wani kamfanin abinci ya kwantar da ɗaruruwan mutane a yammacin Amurka, yara huɗu suka rasu. Labarin bai huce ba tukuna. Ko dai an sake kwatawa ne a Milwoki?

Mu bi sawu. Guba ta abinci tana da uwa: walima ɗaya, shago ɗaya, kamfani ɗaya. Ka tambayi marasa lafiya inda suka ci, sai ka ga bakunansu sun haɗu a tukunya guda. A nan kuwa wace tukunya ce za ta haɗa ɗan makaranta da direban bas da tsohuwar da ba ta fita ko ƙofar gida? Ga kuma ɗakunan gwaji. Ƙwayoyin bakteriya da aka saba kamawa da laifin ɓata abinci, irin su Salmonela da Shigela, su ne aka fi nema a bahayar marasa lafiya, kuma adadin da aka samu bai wuce na kullum ba. Abinci ma ya sha.

Saura dodo. Wanda ya taɓa ganin amai da gudawa sun shiga unguwa da damina, ba zai ji wannan labari bai ce kwalara ba. Kuma a lokacin tana yawo a nahiyar, domin tun 1991 ta ɓulla a ƙasar Feru ta bazu a Kudancin Amurka. Jirgi ɗaya ya isa ya kawo ta. Amma kwalara ba ta iya ɓoye kanta. Cikin sa'o'i take tsotse ƙato ta kayar da shi, kuma da ta kama mutane masu yawa haka, da motocin ɗaukar gawa ne za su fara ba da labari kafin masu kantin magani. Ban da haka, ɗakin gwaji ya san fuskarta sarai. Ba ita ba ce.

Uku mun kama, uku mun saki. Gari kuma na ta kwanciya.

Idan tambayar "mene ne" ta gagara, mai bincike kan koma ga "a ina ne". Bari in ba ka wata shaida da masu binciken suka kammala tattarawa daga baya, amma ni zan miƙa maka ita yanzu don mu yi tafiyar tare. Mutumin gari shaida ne mai wuyar sha'ani: yana kwana a arewa, yana aiki a kudu, yana cin abincin rana a tsakiya. Sai aka nemi mutanen da ba sa zuwa ko'ina, aka same su a gidajen kula da tsofaffi. Aka duba littattafan waɗannan gidaje. Na arewacin birni lafiya lau, gudawa ba ta wuce yadda aka saba ba. Na kudanci kuwa ta yi musu rubdugu. Birni ɗaya, iska ɗaya, sanyi ɗaya, amma kamar an ja layi a tsakiya.

Sai ga wani gida guda a kudancin da abin bai taɓa ba. Maƙwabtansa na kwance, shi yana tsaye. Tsofaffinsa ba su fi na sauran ƙarfi ba, likitansu bai fi na sauran iyawa ba. Abu ɗaya ya raba shi da su.

Rijiya gare shi.

Yanzu biri ya fara kama da mutum. Milwoki tana da matatar ruwa biyu, dukansu daga Tafkin Mishigan suke ja: ta Linnwood tana bai wa arewaci, ta Howard Avenue tana bai wa kudanci. Da aka bi gidaje ta wayar tarho ana tambaya, sai aka tarar a yankin kudu mutum 52 cikin 100 sun yi gudawar, a arewa 26 cikin 100, a wajen yankin da famfon birni ke kaiwa kuma 15 cikin 100. Ka ga ke nan duk inda bututun kudu ya bi, ciwo ya bi.

Amma kada ka yi saurin ɗaura masa ankwa, domin ruwan famfo ya zo kotu da takardunsa cif. An zuba masa kulorin yadda ya kamata. An gwada shi ana neman bakteriyar da ke nuna ƙazanta ta shiga, ba a samu ba. Bai karya ko ɗaya daga cikin dokokin ruwan sha da ake aiki da su a lokacin ba. Wace irin halitta ce za ta yi iyo a cikin kulorin, ta wuce gwajin matata, ta shiga cikin mutum, ta fito, ta kuma wuce gwajin asibiti?

Akwai dai wani littafi a matatar kudu da ba a ba shi muhimmanci ba. A ciki ake rubuta ma'aunin dagulewar ruwa, wato yadda ruwan da aka gama tacewa ya yi garau ko ya yi hazo-hazo. Shekara goma cur, lambar ba ta taɓa wuce 0.4 ba. Ranar 28 ga Maris ta kai 1.7. Ranar 30 ga wata ta sake kaiwa 1.7. A daidai waɗannan kwanaki mutanen kudu suka yi ta buga wa hukumar ruwa waya suna ƙorafi: ruwan ya canza launi, ɗanɗanonsa ba daidai ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Wani abu ya wuce ta matata. Ƙarami ne ƙwarai. Ba ya tsoron kulorin. Ba a nemansa a gwajin yau da kullum.

Laraba, 7 ga Afrilu. Aka ɗauki bahayar wasu marasa lafiya aka yi mata wani rini na musamman, irin wanda sai likita ya nema takanas ake yi. Aka sa a madubin ƙara girma. Aka leƙa.

Ga su nan. Ƙananan ƙwallaye, jajaye, birjik.

Ɗakunan gwaji biyu suka ga abu ɗaya a jikin manya bakwai. Sunan mai laifi Kiriptosporidiyam.

Bari mu tsaya mu ƙare masa kallo, don ya ba mu wahala. Shi ba bairas ba ne, kuma ba bakteriya ba. Halitta ce mai ƙwayar rai guda, dangi na nesa ga ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, sai dai shi a bangon hanji yake kafa sansani. Idan zai fita daga jikin wanda ya kama, sai ya shige cikin wani ƙoƙo mai tauri, wanda faɗinsa bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin dubu na milimita ɗaya ba. Wannan ƙoƙon shi ne sulkensa. Kulorin da ke hallaka kwalara da taifod cikin mintoci, shi sai ya yi kwanaki a cikinsa bai ko yi tari ba. A ruwa mai sanyi yakan yi watanni da ransa. Mara lafiya ɗaya kan zubar da miliyoyinsu a zagawa guda, alhali 'yan kaɗan sun isa su kwantar da lafiyayyen mutum. Idan ya shiga ciki kuma ba ya nuna kansa nan take, sai ya yi kimanin mako guda yana shiri. Shi ya sa ruwa ya dagule a ƙarshen Maris, gari ya kwanta a farkon Afrilu, ba wanda ya haɗa biyun.

Kuma ba baƙo ba ne a wurin masana. Tun 1907 wani masani mai suna Ernest Tyzzer ya gan shi a cikin ɓeraye. Sai a 1976 aka fara tabbatar da shi a jikin ɗan Adam, a shekarun 1980 kuma ya yi suna wajen addabar masu cutar ƙanjamau. A 1987 ma ya taɓa bin famfo ya kama mutum wajen 13,000 a garin Carrollton na jihar Jojiya. Tsohon mai laifi ne, fayil ɗinsa na nan. Ba a dai tuna da shi ba ne.

Yanzu fito da abin da na ce ka sa a aljihu. Me aka ce wa mai gudawa ya yi? Ya sha ruwa da yawa. Daga ina? Daga famfon ɗakin girki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma ga amsar kacici-kacicinmu: kan famfo ne ƙofar da kowane mai gida ya murɗa da hannunsa.

A daren wannan Laraba magajin garin, John Norquist, ya zauna da jami'an lafiya. Hujja ba ta gama cika ba, don ba a riga an kama ƙwayar a cikin ruwan kansa ba. Sai ya juya ga babban masanin annoba na jihar, Dakta Jeffrey Davis, ya tambaye shi ko shi zai sha ruwan nan. Likita ya ce a'a. Magana ta ƙare. A daren aka sanar da jama'a kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha, ranar 9 ga Afrilu kuma aka rufe matatar kudu.

To amma lauyan mai laifi zai iya miƙewa ya ce: kun ga ƙwayar a cikin mutane, wa ya gan ta a cikin ruwa? Ruwan ƙarshen Maris ya riga ya wuce, an sha, an yi wanka, ya koma tafki. Ina za a samo ruwan jiya a gwada shi yau?

Akwai mai ajiye ruwan jiya: mai ƙanƙara. Wani kamfani a kudancin birnin ya daskarar da manya-manyan tubalan ƙanƙara da ruwan famfo ranar 25 ga Maris da ranar 9 ga Afrilu. Masu bincike suka karɓo su, suka narkar, suka tace. Ƙoƙunan Kiriptosporidiyam na ciki, a daskare, suna jiran ranar shari'a.

Saura yadda ya tsallake matata. Aikin tace ruwa yana farawa ne da zuba wani sinadari da ke sa ƙananan dauɗa su manne wa juna su yi nauyi su kwanta, sannan a bi da ruwan ta cikin yashi. Shekara da shekaru alif ake zubawa, wanda matanmu ke jefawa a randa idan ruwa ya dagule. A watan Agustan 1992 matatar ta sauya zuwa wani sabon sinadari, kuma ba a riga an laƙanci awonsa ba a irin ruwan da tafki ya kawo a wannan shekara, bayan ruwan sama da narkewar dusar ƙanƙara sun hautsina shi. Ga shi kuma ruwan da ake wanke yashin tacewa da shi, ana mayar da shi ne cikin matata a sake amfani da shi. Dauɗa ba ta kwanta yadda ya kamata ba, ƙoƙuna suka bi ta tsakanin yashi suka wuce. Kulorin da ke gadin ƙofar ƙarshe kuwa, ka riga ka san ba ya iya masa komai.

Wa ya zuba shi a tafki tun farko? Nan da nan aka nuna shanu da yatsa. Wiskonsin jihar madara ce, maruƙa suna ɗauke da wannan ƙwaya, akwai gonakin kiwo a bakin kogunan da ke malalowa cikin tafki, akwai kuma mahauta. Zargin ya zauna daram, har ya shiga littattafai. Bayan shekaru, da ilimin bin diddigin ƙwayoyin gado ya ƙaru, aka sake duba samfuran da aka adana daga marasa lafiyar Milwoki. Sai ga shi nau'in da aka samu wanda ke yawo tsakanin mutum da mutum ne. Saniya ba ta da hannu. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa: alamu sun koma kan ruwan bahayar mutane da ya isa tafki, ya zagayo ta bututun matata.

Da ƙura ta lafa aka yi lissafi. Kimanin mutum 403,000 suka kamu, wajen 4,400 aka kwantar a asibiti, aƙalla 69 suka rasu, mafi yawansu masu cutar ƙanjamau waɗanda garkuwar jikinsu ba ta iya korar ƙwayar ba, kuma a lokacin babu maganin da ke kashe ta. Asarar kuɗin jinya da ta fashin aiki ta haura dala miliyan 96. Ba a taɓa rubuta annobar ruwan sha mai girman wannan a tarihin Amurka ba.

Ka ɗauka mun gama? Akwai sauran tambaya, kuma ta fi ta farko ciwo. Na ce ka riƙe wani kwanan wata. Ranar 5 ga Afrilu hukuma ta buɗe fayil, alhali ruwa ya dagule tun 28 ga Maris, ƙanƙara ma ta nuna ƙwayar na ciki tun 25. A duk kwanakin da ke tsakani, wa ya san wani abu?

Kusan kowa. Ma'aikacin matata ya ga lambarsa ta hau. Mai amsa wayar ƙorafi ya ga littafinsa ya cika. Mai kantin magani ya ga kanta ta yi fayau. Shugaban makaranta ya ga rajista. Mai jinyar tsofaffi ta ga yawan zanin gadon da ake wankewa. Kowa na riƙe da guntun amsa, kuma babu teburin da guntayen ke haɗuwa. Tsarin da ake da shi a lokacin yana jiran suna ne: mara lafiya ya je asibiti, likita ya nemi gwajin da ya dace, ɗakin gwaji ya tabbatar, sannan a aika wa hukuma takarda. Mafi yawan mutanen Milwoki kuwa ba su ma je wurin likita ba, kantin magani suka nufa.

Wannan darasi yana cikin abubuwan da suka haifi abin da ake kira sa ido kan alamomin cuta. Dabarar ba ta da wuyar faɗa: kada a jira sunan ciwo, a ƙirga kukan da mutane ke zuwa da shi. Mutum ya shigo sashen gaggawa ya ce cikinsa ke murɗawa, ko tari da zazzaɓi ke damunsa, ko ƙuraje sun feso masa, ma'aikaciyar karɓar marasa lafiya ta rubuta a kwamfuta. Ba tare da sunansa ba, maganar ta tafi ma'ajiya guda, aka jefa ta a rukuninta: na ciki, na numfashi, na fata, na jijiyoyi. Kwamfuta ta san adadin da aka saba gani a wannan unguwa, a irin wannan rana ta mako, a irin wannan lokaci na shekara. Idan na yau ya zarce, sai ta ɗaga tuta. A haɗa da cinikin kantunan magani, da fashin makaranta, da kiran motar asibiti, sai ga teburin da Milwoki ta rasa.

Abin mamaki, cikin waɗanda suka rungumi wannan dabara da wuri akwai sojoji, kuma suna da dalili. Bariki wuri ne da ake tara samari daga kowace kusurwa, su kwana ɗaki ɗaya, su ci a tukunya ɗaya. A watan Maris na 1918, a sansanin Funston da ke jihar Kansas, mura ta kwantar da soja sama da 1,000 cikin mako uku, a farkon annobar da ta zagaye duniya. Amma bariki na da abin da gari ba shi da shi: an san adadin kowa, ana kiran suna kullum safiya, kuma duk wanda bai ji daɗi ba asibiti ɗaya zai je. Ga kuma fargabar makamai masu yaɗa cuta, waɗanda alamunsu na farko ba su da bambanci da mura.

A ƙarshen shekarun 1990, cibiyar binciken lafiya ta sojojin Amurka ta Walter Reed ta fara wani tsari mai suna ESSENCE, wanda ke tattara bayanan asibitocin soja na kewayen Washinton kullum yana rarraba su rukuni-rukuni. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, da wasiƙun da aka aika ɗauke da garin ƙwayar cutar antaraks waɗanda suka kama mutum 22 suka kashe 5, aka faɗaɗa shi zuwa asibitocin sojan ƙasar a duk inda suke a duniya. Masana na Jami'ar Johns Hopkins suka haɗa shi da bayanan farar hula, domin soja a bariki yake aiki amma 'ya'yansa makarantar gari suke zuwa, matarsa kasuwar gari take shiga, ƙwayar cuta kuma ba ta tsayawa a shingen bincike. Yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da shi take kallon bayanan mafi yawan sassan gaggawa na ƙasar, yawanci cikin sa'a 24 da zuwan mara lafiya. Faransa ma ta kafa irin nata a 2004, bayan zafin bazarar 2003 ya kashe mutum wajen 15,000 kafin hukuma ta ankara.

Kada dai in sayar maka da abin fiye da kuɗinsa. Tsarin kamar karen gida ne: zai yi haushi ya tashe ka, amma ba zai faɗa maka sunan wanda ke bayan katanga ba, wani lokacin ma akuya ce kawai ta gifta. Kanti ya yi rangwame, cinikin magani ya tashi, tuta ta ɗaga a banza. Idan kuma masu ciwon ba su da yawa, sai su ɓace a cikin lissafi. Mutum na farko da aka tabbatar antaraks ya kama shi a 2001, wani likita ne a Fulorida ya gano shi da idonsa da iliminsa. Ƙirga tana ba da lokaci, amma sai mutum ya tashi ya je ya duba, kuma sai ɗakin gwaji ya faɗi suna.

Mu ma a nan gida mun san wannan aiki, ko da ba mu kira shi da sunansa ba. Yaƙin da aka yi da shan inna a kansa ya tsaya: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai rahoto, a ɗauki bahayarsa sau biyu a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri, ba tare da jiran a san ko shan inna ce ba. Mun kuma ga abin da ke faruwa idan ido ya rufe. Bayan shekara biyu babu labarin cutar a Najeriya, sai ga ta a Gwoza da Jere a watan Agustan 2016, kuma gwaji ya nuna jinin wadda aka gani a Borno tun 2011 ce. Tana nan tana yawo a yankunan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Sai da aka haɗa hannu da sojoji da 'yan sa-kai da mutanen ƙauyuka masu kawo labari, kafin a kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali. A Zamfara kuma, a 2010, yawan yaran da ke jijjiga suna mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum ne ya ja hankalin ƙungiyar likitoci ta MSF. An zaci sanƙarau, an zaci zazzaɓin cizon sauro, ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka tafi.

Saboda haka, malam mai kemis, malama shugabar makaranta, ungozoma, liman mai sallar jana'iza, mai unguwa, da kai ma'aikacin asibitin bariki: ba a nemi ku san sunan ciwo ba. Idan kun ga abu iri ɗaya yana maimaituwa fiye da yadda kuka saba gani, ku faɗa a ranar, kada ku bari sai ya tabbata. Kowace ƙaramar hukuma a Najeriya tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma asibiti mafi kusa da ku ya san yadda za a same shi. Lambar hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ita ce 6232, kiran kuma kyauta ne.